Fetur 91 ko 95? Yadda ake zaɓar mai wa motoci masu ƙarfin inji a Kumasi

A manyan gidajen mai na Kumasi ana iya samun fetur aji biyu, ɗaya mai lamba 91, ɗaya mai lamba 95, kuma na biyun ya fi tsada. Ga direban tasi ko mai keke mai ƙafa uku da ake kira pragya, wanda ke zirga-zirga tsakanin Aboabo da Asawase da kasuwar Kejetia, babu wani dogon tunani: 91 ya ishe shi. Tambayar tana tasowa ne ga wanda ya mallaki Mercedes ko BMW ko Range Rover ko Lexus, ko ma ƙaramar mota mai turbo da wani ɗan'uwa ya turo daga New York ko Hamburg. Irin waɗannan motoci sun yawaita a unguwannin Zango, kuma kuskuren mai a cikinsu yana ƙarewa ne a garejin Suame Magazine, inda gyaran inji ɗaya kan cinye kuɗin man watanni da yawa.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne lambar kanta. Lamba 91 da aka rubuta a marfin tankin motar da ta fito daga Amurka ba ita ce 91 da ke jikin famfon Ghana ba. Ma'auni biyu ne daban, kuma wanda bai san haka ba zai iya shekara yana shayar da motarsa man da bai kai ba, alhali yana ganin ya bi umarnin kamfani.

Abin da lambar ke aunawa

Lambar oktan ba ta auna ƙarfin mai, ba ta kuma auna tsabtarsa. Abin da take aunawa shi ne juriyar fetur ga matsi da zafi kafin ya kama wuta da kansa.

A cikin injin fetur, fistin yana matse iska da mai a saman silinda, sannan fulogi ya ba da tartsatsi, wutar ta bazu a tsanake daga bakin fulogi zuwa gefuna, ta tura fistin ƙasa. Idan matsin da zafin suka fi ƙarfin man, ragowar da wutar ba ta kai gare shi ba sai ya fashe da kansa. Wannan fashewa tana dukan kan fistin da bangon silinda, kuma ita ce ke ba da ƙarar nan mai kama da tsakuwa a cikin gwangwani, wadda ake ji idan mota tana hawan tudu ko an taka totur da ƙarfi a babban giya. Kaɗan daga cikinta ba ta kashe inji. Idan ta dore, tana fasa gefen fistin, ta ƙona gaskit, ta lalata fulogi. Ya kamata a bambanta ta da abin da makanikai ke nufi idan suka ce inji ya buga, wato ya ƙafe saboda rashin baƙin mai ko tsananin zafi. Wancan mutuwar inji ce, wannan kuwa ciwo ne da ke iya kai shi can.

Wani masanin sinadarai Ba'amurke mai suna Graham Edgar ne ya tsara ma'aunin a shekarun 1920. Ya ɗauki sinadarai biyu: iso-oktan, mai jure matsi sosai, ya ba shi maki 100, da heptan, mai saurin fashewa, ya ba shi sifiri. Fetur mai lamba 91 shi ne wanda a injin gwaji yake nuna juriya daidai da haɗin kashi 91 na iso-oktan da kashi 9 na heptan. Shi ke nan ma'anar lambar. Litar 95 ba ta fi litar 91 yawan makamashi ba. Sinadarin itanol ma, wanda lambarsa ta haura 100, makamashinsa ya gaza na fetur da kusan kashi ɗaya bisa uku.

To me ya sa manyan motoci ke neman lamba mai yawa? Saboda hanyar samun ƙarfi daga inji ita ce ƙara matsi. Wasu kamfanoni suna ƙera injin ya matse man sosai, wasu kuma suna sa masa turbo, wanda ke cusa iska fiye da yadda injin zai zuƙa da kansa. Duka biyun suna ƙara zafi da matsi a cikin silinda, don haka suna buƙatar man da zai jure har tartsatsin fulogi ya iso.

Ma'aunin Amurka da na Ghana

Hanyoyin gwaji biyu ne. Na farko ana kiransa RON, ana yin sa a injin gwaji mai juyawa sau 600 a minti. Na biyu, MON, ya fi tsanani: juyawa 900 a minti, tare da ɗumama haɗin iska da mai. Fetur ɗaya zai ba da lambar MON da ta gaza ta RON da kimanin maki takwas zuwa goma. Ghana da maƙwabtanta da ƙasashen Turai da na yankin Gulf suna rubuta RON a famfo. Amurka da Kanada kuwa suna haɗa RON da MON su raba biyu, su kira sakamakon AKI. Shi ya sa lambarsu kullum take ƙasa da ta sauran duniya da maki huɗu zuwa biyar, ga mai iri ɗaya.

Fassarar ke nan a taƙaice. Lamba 87 ta Amurka, wadda ita ce man yau da kullum a can, ta yi daidai da 91 zuwa 92 a ma'aunin Ghana. Lamba 89 ta yi daidai da 93 zuwa 94. Lamba 91 ta Amurka ita ce 95 zuwa 96 a Kumasi, 93 kuma ita ce 97 zuwa 98. Saboda haka motar da marfin tankinta ya ce 87, famfon 91 ya wadace ta. Wadda marfinta ya ce 91 kuma ta fito daga Amurka, famfon 95 take nema.

Wannan ba ƙaramin lamari ba ne a Ghana, domin kaso mai yawa na motocin hannu da ake saukewa a tashar Tema daga Amurka suke fitowa, da yawansu daga gwanjon motocin da suka yi hatsari. Sau da yawa littafin motar ba ya isowa tare da ita. Abin da ya rage shi ne 'yar takardar da ke manne a bayan marfin tanki, ko rubutun da ke kusa da allurar mai a gaban direba. Idan an ga haruffan AKI, ko alamar (R+M)/2, ko kalmomin "Premium unleaded fuel only", ma'aunin Amurka ne. Idan an ga RON, ko ROZ kamar yadda Jamusawa ke rubutawa, to lambar ita ce ta famfon Ghana kai-tsaye. Agogon gudu mai ƙirga mil alama ce ta motar kasuwar Amurka, amma akwai tarko: motocin Kanada suna ƙirga kilomita, kuma duk da haka AKI suke bi. Motocin da aka sayo daga Dubai ba su da wannan matsala, domin a can ana sayar da 91 da 95 da 98 ne duk a ma'aunin RON. Haka ma na Faransa, inda SP95 da SP98 suke nufin abin da suka faɗa.

Sunaye ma suna ƙara ruɗani. A Ghana da ƙasashe masu amfani da Faransanci, "super" suna ne na fetur na yau da kullum. A Najeriya sunan fetur a hukumance PMS ne, kuma harafin farko yana tsaye ne a madadin kalmar "premium", alhali man gama-gari ne. Mai motar da ya karanta "premium" a marfin tanki, ya ji ana kiran man famfo da wannan suna, sai ya ɗauka ya dace. Lamba ake dubawa, suna ba ya tabbatar da komai. A 2020 kamfanin GOIL ya fara sayar da 95 a gidajen mansa da sunan Super XP, daga baya ya koma sayar da aji biyu, 91 da 95, kowanne da farashinsa. Shell yana da V-Power, TotalEnergies yana da Excellium. Kafin a ce wa mai ba da mai ya zuba, gara a tambaye shi lambar, a kuma duba jikin famfon.

"Wajibi" da "shawara"

Littattafan motoci suna amfani da kalmomi biyu da ke da bambanci mai muhimmanci. Idan aka rubuta "required", to wajibi ne, kuma kamfanin yana cewa ƙasa da haka na iya lalata injin. Idan aka rubuta "recommended", shawara ce: motar za ta yi tafiya da ƙaramar lamba ba tare da illa ba, sai dai ƙarfinta zai ragu. Injin Mazda mai lita 2.5 da turbo, wanda ke cikin CX-9, misali ne mai kyau, domin kamfanin da kansa ya bayyana adadin: ƙarfin doki 250 da man 93 na Amurka, 227 da man 87. Mai irin wannan mota a Kumasi yana da zaɓi na gaskiya, kuma aljihunsa ne zai yanke.

Girman mota ko tsadarta ba sa nuna abin da take sha. Toyota Land Cruiser mai injin fetur na lita 5.7 da aka sayar a Amurka man 87 aka rubuta mata, wato 91 a Ghana. Lexus LX 570, wadda injinsu ɗaya ne a asali, an rubuta mata 91 na Amurka, wato 95 a nan, kuma bambancin ƙarfinsu a takarda doki biyu ne kacal, 383 da 381. Toyota Camry da Corolla, da Honda Accord da CR-V masu ƙaramin turbo na lita 1.5, duk man 87 aka tsara musu. Yawancin motocin Mercedes da BMW da Audi da Range Rover na fetur kuwa 95 suke nema. Na tsere daga cikinsu, irin su Mercedes-AMG da BMW M da Porsche, da yawa an tsara su ne a kan 98, kuma littattafansu kan ambaci 95 a matsayin mafi ƙarancin abin da za su karɓa. Tunda 95 ne ƙololuwar abin da aka saba samu a famfunan Ghana, mai irin wannan mota a bakin iyaka yake kullum, ba shi da sararin sauka ƙasa.

Akwai kuma motocin da tsohon mai su a Amurka ya sauya wa tsarin kwamfuta domin ƙarin gudu. Irin wannan sauyi yawanci a kan man 93 ake yin sa, kuma babu abin da zai nuna shi a marfin tanki. Motar da ta iso da salansar tsere ko wasu sassan da ba na kamfani ba, ya dace a sa mai na'urar bincike ya duba ta, a mayar da ita tsarinta na asali idan an taɓa.

Ɗaya gefen kuma shi ne ɓarnar kuɗi. Zuba 95 a injin da aka ƙera domin 91 ba ya ƙara masa gudu, ba ya kuma rage masa shan mai, domin injin ba shi da hanyar cin moriyar ƙarin juriyar. Ƙungiyar direbobi ta Amurka, AAA, ta ƙiyasta a 2016 cewa Amurkawa sun ɓarnatar da dala biliyan 2.1 cikin shekara guda wajen sayen babban aji ga motocin da ba sa buƙatarsa. Abin da wasu ke ji na laushin inji bayan sun sauya mai ya fi alaƙa da sinadaran wanke-wanke da kamfanoni ke zubawa a mansu na musamman. Waɗannan suna da amfaninsu, amma ba su ne oktan ba.

Idan aka zuba 91 a motar 95

Motocin zamani suna da na'urar sauraro manne a jikin inji. Da zarar ta ji alamar fashewar nan, sai ta sanar da kwamfutar mota, ita kuma ta jinkirta tartsatsin fulogi, a wasu motocin ta rage matsin turbo ko ta ƙara yawan mai. Shi ya sa direba ba ya jin komai, sai ya ce ai ya gwada 91 bai ga bambanci ba. Bambancin yana nan: motar tana yin nauyi wajen wuce wata, tana ƙara shan mai, kuma hayaƙinta yana fita da zafi fiye da ƙa'ida, abin da ke gajiyar da turbo da na'urar tace hayaƙi da ke cikin salansa. Kariyar kwamfutar ma tana da iyaka, kuma sai bayan fashewar ta auku take ɗaukar mataki. A motar hannu da ta daɗe, wadda datti ya taru a kan fistin ko na'urar sauraron ta raunana, iyakar tana kusa.

Yanayin Kumasi ba ya taimakawa. Iska mai zafi tana ƙara wa inji buƙatar oktan. A garuruwan da ke kan tsaunuka iska ba ta da nauyi, injin da ba shi da turbo yana iya haƙuri da ƙaramar lamba, shi ya sa a wasu jihohin tsaunukan Amurka ake sayar da 85. Kumasi kuwa tsayinta daga teku bai wuce mita 250 ko makamancin haka ba, babu wannan rangwame. A ƙara da cunkoson Kejetia da shataletalen Suame, inda mota ke tsaye da na'urar sanyaya a kunne, komai na inji ya ɗauki zafi, sannan hanya ta buɗe direba ya taka totur har ƙasa. Wannan ne lokacin da ya fi haɗari ga injin turbo mai ƙarancin oktan. Tanki ɗaya na 91 a lokacin larura, tare da tuƙi a hankali, ba abin tashin hankali ba ne. Mayar da shi al'ada shi ne matsalar.

Batun manganis na 2023

Hanyar da aka bi aka kai fetur ga lambarsa ita ma abin dubawa ce, kuma Ghana ta ga haka a aikace. Matatar mai tana iya ɗaga oktan ta hanyar ƙarin tacewa, wadda ke da tsada, ko ta hanyar zuba sinadari mai ƙarfe, wanda ke da araha. Shekaru da dama dalma ce ke wannan aiki, tun bayan da aka gano amfaninta a kamfanin General Motors a 1921. Saboda illarta ga lafiya, musamman ƙwaƙwalwar yara, ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka amince a Dakar a 2001 cewa za su daina amfani da ita, suka kuma cika alkawarin a farkon 2006. Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka maye gurbin dalma shi ne MMT, sinadari mai ɗauke da ƙarfen manganis.

Manganis ba ya ƙonewa ya ɓace. Yana barin toka mai launin jan bulo a kan fulogi, da na'urar auna iskar hayaƙi, da ramukan na'urar tace hayaƙi. Kamfanonin ƙera motoci sun daɗe suna adawa da shi, kuma littattafan Honda da Toyota suna gargaɗi a kansa. Tarayyar Turai ta ƙayyade shi a miligiram 6 a kowace lita daga 2011, sannan 2 daga 2014. Ƙa'idar Ghana kuwa, har zuwa 2023, ta yarda da har 18.

A 2023 masu motoci a Ghana suka yi ta kokawa cewa motocinsu suna fizga, fitilar gargaɗin inji tana kamawa, kuma suna sauya fulogi a kai a kai. Abin ya fi shafar motoci masu turbo. Ƙungiyar kare masu sayen mai, COPEC, ta ɗaga murya, kuma hukumar kula da harkar man fetur ta ƙasa, NPA, wadda aka kafa a 2005, ta bincika. Bayaninta shi ne man da ke kasuwa bai karya ƙa'idar ƙasa ba, sai dai yawan manganis ɗin ya fi abin da wasu injuna ke iya ɗauka. A ƙarshen shekarar ta sanar da cewa, tare da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Ghana, za a sauke iyakar zuwa miligiram 6 ga ƙaramin aji da 2 ga babban aji, ta kuma umarci masu shigo da mai su fara bin sabon adadin.

Wannan ya ba 95 wata daraja ta biyu a Ghana wadda ba ta da alaƙa da matsi. Mai Honda mai turbo, wanda a ƙa'ida 91 ya ishe shi, yana iya samun dalilin komawa 95 idan fita ya kwance fulogi ya ga jan toka ya lulluɓe shi, domin iyakar manganis a babban aji ta fi tsauri. Kwance fulogi ɗaya a duba launinsa aiki ne na 'yan mintoci a yawancin motoci, kuma ya fi sauraron jita-jitar tasha amfani.

Kwalaben ƙarin oktan da gaurayen mai

A shagunan kayan gyara ana sayar da ƙananan kwalabe masu alkawarin ɗaga oktan. Abu biyu ya kamata a sani. Idan kwalba ta ce tana ƙara "maki" uku, a lissafin masu sana'ar maki ɗaya kashi ɗaya bisa goma ne na lamba, wato 91 zai koma 91.3 ne. Waɗanda kuma ke da tasiri na gaske, da yawansu MMT ne a ciki, ma'ana mai mota ya sayi manganis da kuɗinsa ya zuba da hannunsa. Jefa ƙwayoyin kafur a tanki, wata tsohuwar dabara daga zamanin kafireto, tana iya toshe matatar mai da bakin allurar fesa mai a injin zamani.

Gaurayen mai ya fi duk waɗannan muni. Kananzir da dizal ba su da juriyar matsi irin ta fetur, kaɗan daga cikinsu yana sauke lambar tanki gaba ɗaya. Haka ma man jiragen kamun kifi mai tallafi da ake karkatarwa, wanda an riga an haɗa shi da man shafawa. NPA tana sa wani sinadarin shaida a cikin mai domin gano gauraye idan jami'anta suka ɗebi samfur a gidan mai. Launin fetur rini ne kawai da ake zubawa domin bambanta aji, ido ba ya iya auna oktan. Abin da mai mota ke iya yi shi ne ya riƙe gidan mai ɗaya ko biyu masu yawan ciniki, inda mai ba ya daɗewa a rijiya, ya kuma riƙa karɓar rasit. Ba tare da rasit ba, ƙorafi a hukuma ba ya da madogara.

Idan tafiya ta ƙetare iyaka

Mutanen Zango matafiya ne tun zamanin fataucin goro, kuma har yau biki ko rasuwa ko kasuwanci na kai iyali daga Kumasi zuwa Wagadugu da Yamai ta Techiman da Tamale da Bolgatanga da Paga, ko zuwa Legas ta Aflao da Lome da Kwatano. A nan ne mai motar 95 ke gane abin da ya saya. A Burkina Faso man da kamfanin gwamnati SONABHY ke shigowa da shi sunansa ma Super 91. A Nijar, inda matatar SORAZ ta Damagaram ke aiki tun 2011, da Najeriya, inda matatar Dangote ta fara fitar da fetur a watan Satumban 2024, direba zai tarar da famfon fetur aji ɗaya ne a yawancin gidajen mai. A cikin Ghana ma ba kowane gidan mai ke ajiye 95 ba, musamman a ƙananan garuruwa.

Abin da ke taimakawa shi ne oktan yana gaurayuwa kusan daidai da lissafi. Rabin tanki na 95 da rabin 91 suna ba da kimanin 93. Don haka dabara ita ce a cika tanki da 95 a wuri na ƙarshe da aka same shi, sannan a riƙa ƙara 91 tun tankin bai yi ƙasa ba, maimakon a bari ya ƙare a cika da 91 zalla. Daga nan sai tuƙi: a guji taka totur har ƙasa, a sauke giya wajen hawan tudu ko wuce babbar mota maimakon a bar injin yana nishi a ƙaramin juyi, a rage kaya, a yi tafiyar da sanyin safiya idan hali ya yi. Ɗaukar jarkoki cike da fetur a bayan mota haɗarin gobara ne, kuma yana iya jawo tambayoyi a shingen kwastan.

Man kwalba na bakin hanya, wanda ake kira kpayo a Benin, masu sayar da shi kuma 'yan ruwa-ruwa a Nijar ko 'yan bumburutu a arewacin Najeriya, ya ceci matafiya da yawa, kuma babura suna sha lafiya. Amma fetur da ya wuni a rana yana rasa sassansa masu saurin tashi, waɗanda wasunsu ke riƙe da lambar oktan, ban da ƙura da ruwa da abin da ba a san an gauraya ba. Injin da ke fesa mai kai-tsaye cikin silinda da matsi mai tsanani ba ya yafe irin wannan. Idan babu makawa, a sayi abin da zai kai mota gidan mai na gaba kawai.

Lissafin da ya fi dacewa a yi shi ne kafin motar ta hau jirgin ruwa. A ɗauki misalin motar da ke shan lita 15 a kowace kilomita 100, tana tafiyar kilomita 1,500 a wata: lita 225 ke nan. Idan a misali bambancin 91 da 95 sidi biyu ne a lita, ƙarin ya kama sidi 450 a wata, kuma farashin yana motsawa, domin tun 2015 kamfanoni ne ke sa farashinsu, ana sabunta shi sau biyu a wata. Wanda zai aika wa ɗan'uwansa a Bronx ko Toronto kuɗin mota, zai iya roƙonsa ya ɗauki hoton bayan marfin tankin ya turo kafin a biya. Idan hoton ya nuna 87, motar za ta sha man da ake samu daga Kumasi har Maradi. Idan ya nuna 91 da kalmar wajibi, to famfon 95 ne nata, kuma duk tafiyar da za ta wuce Paga ko Aflao sai an tsara inda za a sha mai tun daga gida.